Tambaya da Amsa: Warin Taba a Jikin Rigar Maigida

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, Allah ya ƙara basira. Ni matar aure ce a unguwar Pantami cikin garin Gombe, ina goyon 'ya mace 'yar wata biyar. Maigidana yana shan taba sigari tun kafin aurenmu, amma tsakani da Allah tun da na samu ciki bai ƙara kunna ta a cikin gida ba, sai dai a wurin aiki ko a majalisarsu bayan sallar isha'i. Abin da ke damuna shi ne idan ya dawo, ko hula bai cire ba yarinyar yake fara ɗauka, ya rungume ta a ƙirji, ita kuma ta cafki wuyan rigarsa ta kai baki. Idan ya ajiye ta sai in ji warin taba a kanta da kayan jikinta. Na yi wa Hajiyarsu maganar, sai ta ce ai wari ne kawai, in riƙa turara masa kaya da turaren wuta, su ma haka suka yi nasu rainon. Shin Malam warin nan yana da illa, ko kuwa ni ce na cika tsoro? Kuma turaren yana kashe shi? Don Allah a sakaya sunana.

Daga Mai Goyo, Pantami, Gombe

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana ita bisa tafarkin addini, ya ba ki lafiyar shayarwa. Ba ki cika tsoro ba, hancinki ya gaya miki gaskiya, domin duk warin da mutum ya shaƙa, wani abu ne ya taso daga wani wuri ya shiga hancinsa. Idan har riga tana fitar da warin taba awa uku bayan an kashe karan sigari, to akwai abin da ya zauna a cikin zarenta yana tasowa a hankali, kuma wannan abin shi ne kike tambaya a kansa.

Ki tuna da rufin ɗakin girkin da ake hura icce a cikinsa. Hayaƙin yau yana fita ta ƙofa ya bi iska, amma bayan shekara guda za ki ɗaga kai ki ga kunkunniya ta yi baƙi ƙirin tana reto, kwanukan da ke kife a can sama kuma sun yi danƙo. Hayaƙin taba ma haka yake, sai dai nasa kunkunniyar siririya ce, rawaya-rawaya, ba a cika ganinta ba sai a yatsun mashayi da haƙoransa, ko a wuyan farar riga. A cikin hayaƙin sigari akwai sinadarai sama da 7,000, kuma kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Wasu suna bin iska su watse nan take, wasu kuwa, musamman nikotin (sinadarin da ke sa mashayi ya kasa rabuwa da taba) da danƙon nan mai kama da kwalta, ɗabi'arsu ita ce manne wa duk abin da suka taɓa: tufafi, gashi, gemu, fata, labule, katifa, kujerar mota, har da ƙurar da ke kwance a ƙasa.

Masana sun raba hayaƙin taba gida uku. Na farko shi ne wanda mashayi yake zuƙa da kansa, na biyu wanda na kusa da shi yake shaƙa ba da sonsa ba, na uku kuma shi ne wannan ragowar da take saura a jikin kaya bayan hayaƙin ya wuce. Sunan na ukun, wato "thirdhand smoke" a Turance, ya bazu ne a shekarar 2009 ta hanyar wani rubutu na Dakta Jonathan Winickoff, likitan yara a birnin Boston na Amurka, tare da abokan aikinsa. Ba mamaki da likitan yara ne ya ja hankalin duniya a kai, domin yara ƙanana su ne suka fi kusa da wannan ragowa ta kowace fuska.

Halin da kike ciki an taɓa auna irinsa. A shekarar 2004 Farfesa Georg Matt na jami'ar jiha da ke San Diyego a Kalifoniya ya jagoranci wani bincike a gidajen da ake rainon jarirai, inda aka kwatanta gidaje iri uku: waɗanda babu mai shan taba a cikinsu, waɗanda ake sha amma sai an fita waje, da waɗanda ake sha a cikin ɗaki. An auna nikotin a iska da ƙura da saman kayan ɗaki, an kuma auna fitsarin jariran don neman kotinin, wato abin da hanta take mayar da nikotin idan ya shiga jiki. A gidajen masu fita waje, irin naku ke nan, an samu gurɓatar ta ninka ta gidajen da ba a shan taba sau 5 zuwa 7. A gidajen masu sha a ɗaki kuwa, ta ninka ta masu fita waje sau 3 zuwa 8. Ina so ki riƙe alƙaluman nan duka biyun, kada ki ɗauki na farko ki bar na biyu. Fitar da maigidanki yake yi ta rage wa 'yarku kaso mai yawa na cutarwar, kuma ya cancanci a yaba masa, amma fitar ba ta kai abin ga sifili ba, domin riga da hannu da numfashinsa suna shigowa da saura.

Game da tufafi kuwa, abin da zai ba ki mamaki shi ne yadin da muka fi ƙauna shi ne ya fi riƙo. A jami'ar Kalifoniya da ke Riverside an yi wani gwaji da aka wallafa a 2014, inda aka bar tawul na auduga da wani yadin roba irin na rigar sanyi a cikin hayaƙin sigari, sannan aka adana su. Bayan wata 19 ana iya fitar da nikotin da danginsa daga jikinsu, kuma na audugar ya ba da abin da ya ninka na robar nesa ba kusa ba. Zaren auduga yana shan ruwa, yana da ƙofofi, shi ya sa yake da daɗin sawa a zafin Gombe na watan Afrilu, kuma wannan halin nasa ne ya sa yake tsotse nikotin kamar soso. Shadda mai kyau auduga ce, atamfa ta gaske auduga ce, haka tawul da zanen goyo da yawancin kayan jarirai. Wani abin da gwajin ya nuna, wanda ya shafe ki kai tsaye, shi ne da zarar an jiƙa yadin audugar a ruwa sai sinadaran su fito cikin ɗan lokaci. Wannan labari ne mai daɗi ga mai wanki, amma ki tuna yawun jariri ma ruwa ne. Duk lokacin da ta cusa wuyan rigar babanta a baki tana tsotsa, wankin nan take yi masa, sai dai ruwan wankin cikinta yake tafiya.

Ba ta baki kaɗai yake shiga ba. Nikotin yana ratsa fata, shi ya sa ma ake yin wata filasta mai ɗauke da shi da masu son daina taba suke mannawa a damtse. A Denmak an zaunar da wasu mutane a ɗakin da aka sa nikotin a iskarsa, aka rufe musu kai da wata hula mai kawo musu tsabtatacciyar iska don kada su shaƙa, duk da haka aka same shi a fitsarinsu. Tsabtatacciyar riga ta zama musu kariya, amma rigar da ta riga ta sha nikotin ta zama ita ce mai ɗura musu shi. Fatar jariri ta fi ta babba laushi, numfashinsa ya fi na babba sauri, nauyinsa kaɗan ne, don haka abin da babba zai ɗauka bai ji ba, a wurinsa mai yawa ne. Nan da wata biyu ko uku za ta fara rarrafe, ta shafa ƙasa da tafin hannu ta kai baki sau ba adadi a yini.

Akwai kuma wani abu da ya sa ba na son a bar irin wannan kaya su daɗe a rataye. Ragowar ba ta zama yadda take, tana sauyawa. A 2010 masu bincike a cibiyar Lawrence Berkeley ta Amurka sun nuna cewa nikotin da ya manne a jikin abu yana haɗuwa da wata iska mai tsami da ke fita daga wutar murhun gas da salansar mota, sai ya rikiɗe ya koma wasu sinadarai da ake kira naitrosamin na taba, waɗanda wasunsu suna cikin sanannun masu haddasa ciwon daji. Ma'ana rigar da ta yi mako biyu a bayan ƙofa kusa da kicin ba lallai ta fi ta jiya tsabta ba don kawai warinta ya lafa.

Domin adalci, dole in sa ma'auni a maganar. Illar hayaƙin da yaro ke shaƙa kai tsaye tabbatacciya ce a jikin mutane: ciwon haƙarƙari, tashin asma, ciwon kunne mai ruwa, da mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 1 da ba sa shan taba suna mutuwa duk shekara saboda hayaƙin wasu. Ita kuwa ragowar, yawancin shaidar illarta ta fito ne daga gwaji a kan ƙwayoyin halittar ɗan'adam a ɗakin bincike, inda aka ga tana lalata sinadarin gado, da kuma a kan ɓeraye, inda aka ga ta taɓa hanta da huhu ta kuma jinkirta warkewar rauni. Abin da aka tabbatar a jikin yara shi ne tana shiga jikinsu. Saboda haka ba cewa nake 'yarki ta kamu da wata cuta ba, kuma kada ki hana idonki barci. Cewa nake abin da aka san guba ne, aka kuma san yana isa cikin yaro, ba sai an jira ƙarshen bincike kafin a rage shi ba, tun da ragewar ba ta fi ƙarfin ruwa da sabulu ba.

Sai maganar turare. Ina girmama Hajiya, kuma na san ba da mugun nufi ta faɗa ba, domin a zamaninsu ba wanda ya san wannan zance, likitocin ma ba su sani ba. Amma turaren wuta ba ya cire komai daga jikin yadi, ɗora wani ƙamshi yake a kan wari har hanci ya ruɗe. Ki ɗora rigar a kan kabbasa, ki zuba turare mai tsada a kasko, ta fito tana tashin ƙamshi har makwabta su ji, nikotin ɗin yana nan a inda yake, kin dai ƙara masa hayaƙin garwashi da na itace a kai. Haka turaren fesawa da humra da alawar da mashaya suke tsotsa kafin su shigo gida. Ni a ganina turaren ma ya fi zama matsala a nan, domin yana kashe miki ƙararrawar da Allah ya ba ki a hanci. Tun da zancen ya zo, ki riƙa fitar da yarinyar daga ɗaki idan za ki sa turare, ki buɗe taga, sai hayaƙin ya washe ki dawo da ita. Huhun ɗan wata biyar bai san bambancin hayaƙi mai daɗi da marar daɗi ba.

Kuma rashin wari ba shaidar tsabta ba ne. A birnin Mainz na Jamus an auna iskar wani gidan kallo da aka shekara 15 ba a sha taba a cikinsa ba, masu bincike daga jami'ar Yale suka wallafa sakamakon a 2020. Da zarar 'yan kallo sun shigo sai ma'aunin sinadaran taba ya yi sama, alhali ba wanda ya kunna ko kara ɗaya, a jikinsu da tufafinsu suka shigo da shi.

Abin da zan ba ki shawara a kai mai sauƙi ne a faɗa, aiwatarwar ce take son dabara. Idan Baban yarinya ya shigo, ya fara cire rigar waje da hula, ya wanke hannu da fuska da gemu da sabulu, ya kurkure baki, ya sa wata riga ta zaman gida, sannan ya ɗauke ta. In da hali ya watsa ruwa gaba ɗaya, ya fi. Kayan da ya cire kada su shiga durowa ɗaya da nata, kada kuma a jefa su a kan gado ko kan katifarta, a sama musu ƙusa a baranda ko wani bokiti mai murfi har ranar wanki. A wanke nasa daban da nata, a jiƙa su tukuna a zubar da ruwan farko, a ɗauraye sosai, a shanya a waje.

Akwai kaya uku da nake so ki sa wa ido, domin su ne suke tsere wa wanki a gidajenmu. Na farko hula. Zanna Bukar ɗin da aka saya da tsada sai ta yi wata biyu a kai ba ta ga mai wankin hula ba, ga ta a saitin hayaƙin da ke tashi sama, ga shi kuma ita ce abin wasan da uba ya fi saurin miƙa wa yaro idan yana kuka. Na biyu babbar riga, wadda ake sawa ranar Juma'a ko ɗaurin aure a ninke a mayar cikin akwati don kada bugunta da sitacinta su lalace, ta kwana a kan sauran kaya wata da watanni. Na uku rigar sanyi a lokacin hunturu, wadda ake zama da ita a teburin mai shayi cikin masu busa hayaƙi tun daga Disamba har Fabrairu, wanki ɗaya ko biyu, a daidai lokacin da aka toshe tagogi saboda ƙura da sanyi, iskar ɗaki ba ta sauyawa. Idan yana da mota kuma yana sha a cikinta, to kujerunta ma suna riƙe ragowar sosai, sauke gilashi ba ya hanawa.

Ƙari ɗaya mai muhimmanci: likitocin yara suna gargaɗi ƙwarai a kan kwantar da jariri a gado ɗaya da mai shan taba, ko da ba a ɗakin yake sha ba, saboda haɗarin mutuwar fuju'a cikin barci yana ƙaruwa. Ki sama mata nata wurin kwanciya kusa da ke, a cikin gidan sauro, ki kwantar da ita a rigingine. Idan kuma kika ga tana numfashi da sauri, ko haƙarƙarinta yana lotsawa, ko ƙirjinta yana fito, ki kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba, kuma ki gaya wa likita akwai mai shan taba a gidan, kada kunya ta sa ki ɓoye.

Yadda za ki shigar da maganar kuwa, kin fi ni sanin mijinki. Abin da zan ce kawai shi ne mutumin da ya iya hana kansa kunna sigari a gidansa sama da shekara guda saboda 'yarsa, canza riga ba zai gagare shi ba, matuƙar bai ji ana ƙyamarsa ba. Kada ki tare shi a bakin ƙofa kina toshe hanci, kuma kada ki yi maganar a gaban Hajiya. Ki ajiye masa ruwa da sabulu da wankakkiyar jallabiya a inda zai gani, ki ba shi wannan shafin ya karanta da kansa. Idan wata rana ya nuna yana son rabuwa da tabar baki ɗaya, wanda shi ne kaɗai zai kawar da ragowar daga tushe, ki ƙarfafa masa ya ga likita, akwai cingam da filastar nikotin da magungunan da suke rage wahalar kwanakin farko.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Sana'ata wanki da guga a Jekadafari. Akwai masu kawo mini kaya da suke shan taba, kuma ko na wanke, da na ɗora dutsen guga sai warin ya taso mini a fuska. Kwanaki wani Alhaji ya dawo mini da kaftaninsa ya ce yana warin sigari alhali shi bai taɓa sha ba. Ina laifin yake, kuma ni abin zai iya cutar da ni?

Daga Mai Wanki, Jekadafari, Gombe

AMSA

Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Ina kyautata zaton laifin yana cikin baho. Na san yadda ruwa yake da tsada a Gombe, kura guda ta 'yan garuwa sai an yi lissafi, shi ya sa masu wanki suke fara wanke fararen kaya sannan su bi da masu launi a ruwan kumfa ɗaya. Nikotin yana narkewa a ruwa, don haka ruwan da ka jiƙa rigar mashayi a ciki ya zama ruwan taba, duk yadin audugar da ya biyo baya zai ɗebi rabonsa. Haka nan idan ka ƙulle wankakku da marasa wanki a ƙunshi ɗaya, ko ka jera su cikin leda suka kwana.

Ka ware kayan masu shan taba su zama na ƙarshe, ka jiƙa su kamar awa guda, ka zubar da wannan ruwan kada ka sake amfani da shi, sannan ka wanke da omo. In ka samu ruwa mai ɗumi ya fi, domin danƙon kwaltar maiƙo ne, ruwan sanyi zalla ba ya ɗaga shi, kuma shi ne yake saura a wuya da aljihun gaba da bakin hannu. Warin da yake taso maka lokacin guga alama ce cewa wankin bai kai ba, zafin dutse ne yake tayar da abin da ya rage, don haka irin wannan rigar a maimaita mata wanki kafin a sa mata sitaci.

Game da lafiyarka, nikotin yana ratsa jiƙaƙƙiyar fata, har manoman taba masu tsinkar ganye da raɓa a jikinsa sukan yi jiri da amai saboda haka, amma abin da ke cikin ruwan wanki bai kai ko kusa da wannan ba. Duk da haka mai yin abu kullum ba ɗaya yake da mai yi sau ɗaya ba. Ka sa safar hannu ta roba wajen jiƙon farko, musamman idan kana da tsagewa a yatsu lokacin hunturu, ka kuma yi guga a inda iska take wucewa, wanda dama wajibi ne ga mai dutsen gawayi. Waɗanda suke kawo babbar riga su ce guga kawai suke so ban da wanki, idan ka sansana ka ji taba, ka gaya musu gaskiya cewa sai an wanke, ko kuma ka goge ta a ƙarshe a kan wani zanen shimfiɗa daban, ba wanda kake ɗora kayan suna da na jarirai a kai ba.